Jan Biro a Wuyan Dodanni

Mu biyar ne a cikin wannan al'amari, kuma huɗu daga cikinmu 'yan gida ɗaya ne. Akwai Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta buɗe 'yar makarantar reno da firamare a Tudun Wada bayan ta yi ritaya daga koyarwa. Akwai Baffa, yayan mahaifina, mai ba da karatu a zaurensa kusa da Hubbare a nan Sakkwato, wanda duk tambayar da ta gagari zuriyarmu wurinsa ake kai ta. Akwai 'yar yayata, mai shekara shida a lokacin, 'yar aji ɗaya a makarantar Goggo, wadda take kirana Kawu. Akwai ni, da na gama digiri a fannin Hausa ina jiran a kira ni bautar ƙasa. Ta biyar ita ce malamar aji ɗaya, Kirista, 'yar asalin Filato, wadda mijinta yake gyaran firji a wani shago a Sama Road. Yara suna ce mata Anti, Goggo tana ce mata Malama. Ita kaɗai ce ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba, kuma a kanta abin ya ƙare.

Goggo ba ta son ganin mutum zaune ba aikin yi, saboda haka ta ba ni tebur a kusurwar ofishinta, da rajistar ɗalibai, da rula, da jan biro. Aikina shi ne in duba wasiƙun da ake aika wa iyaye kafin a buga su. Na ɗauki wannan aiki da muhimmancin da ya fi ƙarfinsa. Wasiƙa mai layi shida takan fito daga hannuna da gyara goma sha biyar, Goggo ta karɓa, ta yi godiya, ta aika ta asali.

A zangon karatu na biyu, lokacin da zafi ya kankama, Malama ta zo da wani littafi da ta saya a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Babu rubutu a cikinsa sai zane, kuma zanen duk na halitta iri ɗaya ne: jiki kamar na kada, fiffike kamar na jemage, doguwar jela, wuta tana fitowa daga baki. An bar cikin zanen fari domin yara su cike da kala. Ta kai shi shagon fotokwafi kusa da wurin aikin mijinta aka fitar mata da shafuka, ta mai da sa'ar ƙarshe ta kowace Alhamis ta zama ta shafa kala. Kalar da take da ita irin ta kaki ce, wadda zafin Sakkwato yake narkarwa, don haka takan naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a gindin randar ruwan sha, sai lokaci ya yi ta fito da ita da sanyinta, yara suna rige-rigen ɗora ta a kumatu kafin su fara aiki.

Na ba da shawara a rubuce cewa a riƙa kiran wannan halitta macijin almara mai fiffike. Yara suka ce dodo, sunan kuma ya zauna.

Ya kamata in faɗi gaskiya game da ajin nan, ko da yake ba ta taimaki matsayina ba. Ban taɓa ganin yara talatin da huɗu sun yi shiru don kansu ba sai a wannan sa'a. Yaron da ba ya iya riƙe fensir minti biyu sai ka gan shi ya fitar da harshe gefe guda yana bin ɓawon jikin dodo ɗaya bayan ɗaya, yana tsoron kada kalar ta tsallake layi. Malama tana zagayawa tsakanin benci, ba ta cewa wannan kala daidai ce waccan kuskure ce. Da wani yaro ya tambaye ta ainihin launin dodo, sai ta ce masa ita ma ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, idan ya riga ta gani ya zo ya gaya mata. Ni da nake tsaye a bakin taga na ga wannan amsa ba ta da tushe a ilmance.

A mako na uku wani uba ya zo ofis, mai walda ne, da takarda a ninke cikin aljihunsa. Ɗansa ya kai nasa dodon gida ya manna a bangon ɗakin da uwarsa take salla. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa takardar a kan teburin Goggo ya ce yana so ya sani ko siffar aljanu aka fara koyarwa a makarantar. Goggo ta ba shi haƙuri, ta ce za ta bincika, ya tafi.

Zan rubuta maganar mutanen gidanmu yadda suka furta ta, domin ban ga ina da hurumin gyara wa Goggo ko Baffa harshe ba, duk da cewa na sha ƙoƙarin yin haka a zuciyata.

Bayan fitarsa Goggo ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, "Ka san Malamag ga ita kaɗai ta ke hitar min da yara suna karatu tun aji ɗaya. Shekara huɗu muna tare. Amma in maganag ga ta yaɗu cikin unguwa, ba ni iya riƙe ta, ko ina so. Tashi ka tahi wurin Yaya ka tambayo muna."

Na fahimci cewa aikin Malama ne aka ɗora a hannuna, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Bayan la'asar na hau kabu-kabu, wato mashin na haya, zuwa wajen Hubbare. Na tarar da Baffa a kan buzunsa, masu ɗaukar karatu sun watse, yana mai da littattafai cikin gafakarsu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya riƙe ta a juye, ya sa tabarau, ya daidaita ta.

"Wanga mi na?"

Na fara bayani daga tushe. Na kawo matsayin irin waɗannan halittu a tatsuniyoyin al'ummu daban-daban, na bambanta su da dodon tatsuniyar Hausa, na shiga batun fiffike. Ya bar ni na yi kamar minti biyar.

"Shina da rai?"

"Babu shi ma a duniya, Baffa."

"Abin da babu shi, shi na kah hawo mashin cikin ranag ga ka zo tambaya?" Ya yi dariya har tabaransa ya zame. "Wasan yara na. A bar su su yi. Kada dai a lanƙaya shi inda aka salla. Ka ce ma Goggonka hakanan nic ce."

Na yi godiya na miƙe. Ina sa takalmi a bakin zaure sai na ji yana magana, rabi da ni rabi da kansa. Ya ce lokacin da suke yara, da aka fara kawo littattafan boko masu hotuna, akwai wani malaminsu da yakan ɗauki alƙalami ya ja layi a wuyan duk wani mutum ko dabba da ke ciki, domin hoton ya tashi daga cikakkiyar siffa, hankalin iyaye ya kwanta. Ya ce har jakin da ke cikin littafin lissafi bai tsira ba. Ya sake yin dariya, ya ce in gaida gida.

Shekara huɗu aka yi ana koya mini a jami'a cewa ainihin magana ba a tsakiyar shafi take ba, tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda malalacin mai karatu ba ya dubawa. Saboda haka na ɗauki hukuncin da Baffa ya bayar a zaune a matsayin gabatarwa, na ɗauki labarin da ya bayar ina sa takalmi a matsayin hukunci. Na kai wa Goggo kashi na farko, ta yi hamdala, ta kira mai walda a waya ta gaya masa. Kashi na biyu na riƙe wa kaina, domin na ga abu ne da yake bukatar mutum mai lura, kuma na san mutum ɗaya ne kawai a makarantar yake da wannan siffa.

Ana nan sai ƙarshen zango ya matso. Malama ta shirya cewa ranar Asabar da iyaye za su zo karɓar sakamako, za su tarar da aikin 'ya'yansu a rataye. Kowane yaro ya zaɓi shafin da yake so, aka ba shi Alhamis biyu ya gama. Tara daga cikinsu suka zaɓi wani dodo mai kai uku, har da 'yar yayata. Ta yi wa kai ɗaya launin lalle, ɗaya kore, na tsakiya ta bar shi fari, ta ce shi ne babbansu, furfura ce. Duka ukun ta sa musu kwalli. Kwana biyu tana hana kowa a gida taɓa jakarta. A ƙarƙashin kowane zane Malama ta rubuta sunan yaron da na mahaifinsa da manyan haruffa, domin kowace uwa ta gane na ɗanta daga nesa. Ranar Juma'a da safe ta ɗaura igiya daga taga zuwa taga a barandar makarantar, ta maƙale takardun da abin shanya, aka tashi da sha biyu kowa ya tafi.

Ina da mabuɗin ƙofar makaranta. Da aka sauko daga masallaci na dawo ni kaɗai, da rula da biro.

Na yi tunani a kan launi. Baƙin biro zai ɓace cikin baƙin layin zanen, kuma gyaran da ba a gani ba bai cika gyara ba, musamman idan ana so mai walda ya gani da idonsa hankalinsa ya kwanta. Don haka na tsaya a kan ja. Na kuma yi tunani a kan wuri, domin dodo halitta ce da ba a san inda wuyanta ya ƙare gangar jiki ta fara ba. Na yanke shawarar yatsa biyu ƙasa da muƙamuƙi, na bi wannan ƙa'ida a kan kowa ba tare da son kai ba, har da na 'yar yayata. Abin da ban yi tunani a kansa ba shi ne biro ba ya kama kaki. Sai na danna, na maimaita sau uku sau huɗu, tawadar da zafi ya tsinka ta taru a bakin rula ta zirara ƙasa. A wasu takardun ta gangaro har kan sunan. Biyu sun yage. Na ƙirga wuya hamsin da biyu, na mai da kowace takarda inda na ciro ta, na ja baya na duba, na ga layukan sun miƙe sarai. Na koma gida da natsuwar wanda ya ceci aikin wata baiwar Allah ba tare da ta sani ba, ina ma tunanin ba zan taɓa gaya mata ba, domin alheri ya fi kyau a ɓoye.

Ranar Asabar yara suka riga iyayensu shiga baranda da gudu. Ina ofis ina jera katunan sakamako na ji muryar 'yar yayata.

"Wa yay yanke min su?"

Sai wani yaro ya yi ihu, "An yanka na kowa!"

Kafin in fito kuka ya kama daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani ɗan ƙaramin yaro, wanda bai yi kuka ba, yana jan hijabin uwarsa yana tambaya ko za a raba naman. 'Yar yayata tana tsaye a gaban nata, ba ta kuka, tana taɓa wuyan mai furfurar da ɗan yatsa tana duba yatsan.

Iyaye mata sun fi yawa a ranar. Da fari wasu sun yi dariya. Sai wata mata, doguwa, wadda ɗanta ɗaya ne tak bayan shekaru da aure, ta matsa kusa da takardar ɗanta ta tsaya. Ta karanta sunan a hankali. Ta fito da waya ta ɗauki hoto.

"Sunan ɗana da na ubanai," in ji ta, ba da ƙarfi ba. "Ga dabba an yanka bisa kai, ga jini ya sauko har kan sunan. Ku duba naku."

Kowa ta duba nata. Dariyar ta ɗauke. Babu wadda ta furta kalmar da ke cikin zuciyarta, amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake nufi idan aka haɗa sunan mutum da na ubansa da yanka a takarda ɗaya. A daidai wannan lokaci Malama ta shigo daga ƙofa, ta yi kwalliyar ranar taro, tana murmushi, tana gaida iyaye. Ta bi idanunsu zuwa igiyar. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarta ya rasa inda zai je.

Ban ɓoye ba, wannan kam zan iya faɗa. Na hau dakalin baranda na yi sallama, na nemi a saurare ni. Na so in fara da taƙaitaccen tarihin al'amarin, amma da na ga ba a bi na, sai na tsallake na ce, "Ni na yi. Jiya na zo na ja layukan nan da hannuna. Malama ba ta sani ba."

Doguwar matar ta dube ni da tausayi. "Allah shi yi ma albarka, ɗan malam. Mun san gidanku. Asirinta kaka son ruhewa, halin gidanku na."

Na ce wallahi ni ne. Na shiga ofis na ɗauko rular da biron, na nuna musu jan da ya bushe a bakin rular. Wata ta ce ai kowane malamin makaranta yana da jan biro. Na ce daga bakin Baffa na ji wannan hanya. Nan ne na ƙarasa ɓata lamarin, domin wata dattijuwa ta kama haɓa ta ce, "Haba yaro, har Malam za ka sa ciki don ka hid da ita?" Na tsaya a kan dakalin nan, rula a hannun dama, biro a hagu, ina rantsuwa da ingantacciyar Hausa cewa ni mai laifi ne, mutane suna yaba tarbiyyata.

Mai walda bai zo ba. Ƙanensa ya aiko ya karɓi sakamako. Daga baya na ji cewa tun ranar da Goggo ta kira shi ya aiko aka karɓo takardar ɗansa, ya manna ta a zaure maimakon ɗakin salla, ya manta da zancen.

Goggo ita ce mutum na farko da ya gaskata ni, kuma ba ta ɓata lokaci ba. Bayan an watse ta rufe ƙofar ofis ta ce, "Na san kai na. Duk Sakkwato babu mai yanka abu da rula sai kai." Ta rubuta bayani a zauren iyaye na cikin waya, ba ta ba ni na duba ba. Baffa da ya ji, ya aiko da saƙo cewa shi labari ya bayar, bai aiki kowa ba, kuma matar nan ba ta da laifin komai. Waɗanda suka karanta sun karanta. Amma hoton ya riga bayanin fita, ya shiga wayoyin mutanen da ba su da ɗa a makarantar, kuma hoto ba ya tafiya da bayani a bayansa. Cikin hutu iyaye biyar suka aiko a ba su takardun canjin makaranta. Ni na rubuta takardun, babu kuskure ko ɗaya a ciki.

A gida 'yar yayata ta daina ce mini Kawu kawai, ta koma Kawu barunje, wato mahauci. Uwarta takan tsawata mata, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Goggo ba ta sallami Malama ba, ta ma rantse ba za ta yi ba ko da aji zai koma mutum goma. Malama ce ta zo da kanta a mako na biyu na hutu, da safe. Ta ce wa Goggo mutane biyu sun je shagon mijinta sun ɗauke firjinsu ba a gama gyara ba, kuma 'yarta ta daina zuwa ɗiban ruwa a famfon layinsu saboda abin da yara suke kiranta. Ta samu wata makaranta a can wani gefen gari inda ba a san ta ba. Goggo ta roƙe ta, ta yi kuka, Malama ma ta yi. Ina zaune a kusurwata ina kallon rajista.

Da za ta fita ta tsaya a gaban teburina. Na miƙe. Na shirya jawabin neman gafara tun kwana goma da suka wuce, mai sakin layi uku, amma ta riga ni.

"Malam, me ya sa ba ka gaya mini ba?" Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai. "In layi ake so a wuya, ai da na ce wa yaran kowa ya yi wa nasa sarƙa. Su zaɓi kalar da suke so. Da sun ji daɗi ma."

Abin da ya kamata in ce a nan sananne ne, kalma biyu ce ko uku. Abin da na ce shi ne ban tabbata sarƙa za ta wadatar ba, tunda ado ce ba yankewa ba, sai dai a koma a tambaya.

Ta dube ni. Ta ce, "To, Malam. Allah ya ba da sa'a a bautar ƙasa." Ta gaida Goggo ta fita. Na bi ta har bakin ƙofa da jawabina a baki, na tarar ta riga ta tsayar da kabu-kabu.

Da aka koma hutu aka ɗauki wata sabuwar malama, aka mai da sa'ar ƙarshe ta Alhamis ta zama ta maimaita jadawalin lissafi.

Takardun yara talatin da huɗu. Wuya hamsin da biyu. Ɗalibai biyar. Malama ɗaya.